Wai Tom da Jerry sun taɓa magana ne?

Baban_Ilham:
Salam jama'a. Jiya bayan isha'i yara na kallon Tom and Jerry a wayar mamansu kawai sai naji muzurun nan yana hira da ɓeran har da waƙa, wlh sai da na amshi wayar na duba. Tun muna leƙen talabijin ɗin maƙwabta a Ƙofar Ƙaura ban san su da magana ba, sai dai ihun Tom in ƙofa ta datse mai wutsiya. Na gaske ne ko murya aka ɗora irin ta fassarar fim ɗin Indiya?

Malam_Sada:
Na gaske ne Baban Ilham, fim ɗin 1992 ka gani, wanda suka shirya da juna suka taimaki wata yarinya mai neman babanta, kuma bai yi kasuwa ba. Asalin abin tun 1940 ne, William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro shi a kamfanin MGM can Amurka, lokacin ma sunan muzurun Jasper. Daga nan zuwa 1958 suka yi gajeru guda 114, bakwai a ciki suka ci kyautar Oscar, su ne dai waɗanda muka sha kallo a kaset. Ihun nan da kake faɗi ma muryar Hanna ce da kanshi. Da MGM ta rufe sashen zane sai aka kai aikin birnin Prague can Turai wajen mai zane Gene Deitch, ya yi 13 a 1961 da 1962, in ka taɓa cin karo da wasu masu sauti wani iri kamar cikin rijiya ake yinsu to su ne. Sannan Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, Tom ɗinshi mai kaurin gira.

Yar_Daura:
Kai Malam, ashe Tom ya girmi kakata, hhh. Ni na 2021 na kallar ma ƙannena, wanda aka haɗa zane da mutanen gaske a wani otal a New York ana shirin biki har da giwaye. Can dai ba su yi magana ba amma surutun mutanen ya cinye fim ɗin, autanmu sai cewa yake Yaya a wuce nan a kai wajen guje-gujen.

Baban_Ilham:
Allah ya saka Malam. Ni duk na fi son na da, ko kakar yarana da ba ta jin Turanci dariya take har da hawaye in Jerry ya kai ƙara wajen karen nan. Wa ke da tsofaffin ya tura man?

Malam_Sada:
Spike sunan karen. Ka taho da memori gobe bayan la'asar, ina nan Sabon Layi.