Daga Zariya zuwa Jidda: awa nawa kuka yi a hanya?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum jama'a. Hajiyarmu za ta tafi Umra, kuma ƙafafunta na kumbura in ta daɗe a zaune. Waɗanda suka taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda, don Allah awa nawa ake yi a sama? A tikitinta na ga kamar bakwai.

Malamin Kongo: Wa alaikumus salam. Agogo ne ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Saudiyya tana gaba da mu da awa 2, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti na can ne. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz kusan kilomita 3,400 ne. Mu da jirginmu bai tsaya ko'ina ba, awa biyar ba ta cika ba muka hango fitilun Jidda.

Alhajin Sabon Gari: Malam, wannan lissafin lokacin zaman lafiya ne. Ni na yi Hajjin 2023, bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu an rufe sararin samaniyarsu. Dole jirgi ya yi zagaye, muka kusa awa bakwai a sama. Daga Kaduna muka tashi, kuma wallahi zaman jira a sansanin alhazai na Mando ya fi jirgin gajiyar da ni. Ka tambayi ejan ɗinku ta ina jirgin yake bi yanzu.

Hajiyar Tudun Wada: Ɗana, kada arha ta ja ka ka saya mata mai yada zango. Ni ta Addis Ababa na bi. Kano zuwa Addis kaɗai ta kusa kai nisan Kano zuwa Jidda, sannan ga wata awa biyu da rabi a gaba, ban da zaman jira. Sanyin garin nan da dare kuwa, na naɗe da mayafi a kan kujerar ƙarfe, takalmina ya ƙi shiga ƙafa saboda kumburi. Ka nema mata kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, a kuma rubuta mata keken guragu tun wajen yankan tikiti. Ta yi alwala a ƙasa, banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi.

Direban Kwangila: Kowa na ta lissafin sama, an manta da ƙasa. Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne, amma in manyan motoci suka cushe wajen Kwanar Dangora sai dai haƙuri. Fasinjojina masu jirgin dare da hantsi nake ɗaukarsu, tunda ana so mutum ya isa awa uku kafin tashi.

Ɗan Samaru: Na gode ƙwarai. Hajiya, Allah ya saka da alheri, gobe zan koma wajen ejan kan maganar kujerar. Direba, nawa kake kai mutum biyu da kaya har filin jirgi?