Albashi yana ƙarewa tun 20 ga wata, ta ina zan fara rage kuɗin cefane?

Magidanci_Hotoro:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka da shawara. Mu bakwai ne a gida: ni da mai ɗakina, yara huɗu, da ƙanina da yake karatu. Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo. Abin da yake shigowa a wata bai wuce naira 180,000 ba, kuma kafin 20 ga wata an koma karɓar bashi wurin mai kanti. Kullum da safe nake ba da kuɗin cefane, komai a unguwa ake saya. Gas mai kilo 12.5 da ƙyar yake yi mana sati uku. An ce in riƙa sayen buhu, to ko wurin ajiye shi babu, sito cike yake da tarkace. Ta ina ake farawa?

Mai_Awo:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi buhun komai, fara sanin abin da gidanka yake ci. A ware gwangwanin madara ɗaya ya zama ma'auni, a yi sati ɗaya ana rubuta gwangwani nawa na shinkafa, wake da gari aka ɗora kowace rana, da abin da ya ragu a tukunya. Yawanci gwangwani ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ƙosar da babba, yara ƙanana biyu su raba ɗaya. Ka kuma auna kwanon da ake yi maka awo da shi ka ga gwangwani nawa yake ci, domin kwanon wani mai awon an bubbuge gindinsa.

Misali da masara. Buhu kwano 40 ne. Gida mai mutum bakwai da yake tuwo kowane dare, kwano ɗaya zai yi dare biyu bayan an surfa an niƙa. Kwano 15 ke nan a wata, buhu zai kai ku wata biyu da kwana ashirin. Idan an kai surfe a ce a dawo da dusar, masu awaki da kaji suna saya, tana rage kuɗin niƙa.

Hatsi a saya a kasuwar Dawanau ta Kano, kuma da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Shinkafa, taliya, sukari da sabulu a kasuwar Singa. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya ku raba, ku raba kuɗin mota.

Inda mutane suke yin asara shi ne ajiya. Hatsin sabon kaka sau da yawa bai gama bushewa ba. Ka ciji ƙwaya: idan ta fashe ƙaras ta bushe, idan haƙori ya nutse a cikinta da saura. Ko ka zuba hatsin da busasshen gishiri a kwalba busasshiya, ka girgiza ka ajiye. In gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai laima, a shanya kwana biyu ko uku. Masara ko gyaɗar da aka ƙulle da laima tana yin fumfuna, kuma fumfunar nan tana fitar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa.

Wake shi ne ya fi saurin lalacewa, domin tun daga gona yake zuwa da ƙwan ƙwari. Ka nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki. A zuba, a matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Iska ce take ƙarewa ƙwarin su mutu, don haka ƙaramar huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin. A ɗora kan katako, kada ya taɓa bango. Wanda bai samu ba, jarkar man girki ta lita 25 da aka wanke ta bushe sarai tana cin kusan kwano 8 na wake. A cika ta har wuya, a sa leda a baki a murɗa murfi. Kada a riƙa buɗewa kullum, a ɗebi na wata guda a wata roba daban. Maganin ƙwari na Sniper kuwa kada ya kusanci abinci ko da wasa, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka.

Uwargida_Gwale:

Duk abin da Malam Mai Awo ya faɗa haka yake, sai dai fa hatsi ba shi ne yake cinye kuɗin safe ba. Kayan miya ne da makamashi.

Tumatir yana araha daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani yake fitowa daga Kura, Kadawa da Garun Malam. Da zarar an shiga Mayu sai ya fara gagara har tsakiyar damina. A sayi kwando a kasuwar Yankaba lokacin arahar, a zaɓi masu tauri, a wanke, a raba kowanne biyu ko huɗu, a shanya a kan abu mai tsafta sama da ƙasa, gefen yankan yana kallon sama. A rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, a kwashe da magariba. Kwana huɗu zuwa shida ya zama kauɗa. Idan ana lanƙwasa shi yana jin damshi bai yi ba, zai yi baƙi a ajiya. Ranar amfani a jiƙa da ruwan zafi na minti ashirin, a markaɗa da ɗanyar albasa da tattasai ɗaya ko biyu, miyar za ta yi ja. Tattasai, attaruhu da kuɓewa duk haka ake busar da su.

Masu dafawa su zuba a kwalba, a kiyaye: tumatir zalla ake yi, kada a haɗa da albasa da tattasai, domin su ba su da tsamin da yake hana ƙwayar cuta rayuwa a rufaffiyar kwalba. A dafa markaɗen ya tsane, a sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, a zuba da zafinsa a kwalbar da aka tafasa, a rufe, a nutsar da kwalaben a tukunyar ruwa su tafasa minti 50. Duk wadda murfinta ya kumbura daga baya, a zubar, kada ma a ɗanɗana.

Gas kuma, Malam, mai yiwuwa ana dafa wake da ruwan wanka a kansa. A raba musu aiki: gas na shayi, ɗumame, suya da miya, gawayi na wake, tuwo, ganda da ruwan zafi. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, lokacin dafuwarsa zai ragu sosai ko ba a loda masa kanwa ba. Tukunya ta tafasa a rage wuta, a bar murfi a kai. Ruwa ba ya wuce zafin tafasa komai ƙarfin wuta, ƙarin gas kawai ake ƙonawa. Harshen wuta ya tsaya a gindin tukunya, wanda yake lasar gefe a banza yake tafiya. Wutar ta kasance shuɗiya. Idan ta koma ja ko rawaya tana baƙanta tukunya, ramukan kan rishon sun toshe, a cire a goge da burushi a tsokace da allura.

Akwai dabarar lulluɓe tukunya da ba kowa ya ɗauke ta da muhimmanci ba. Shinkafa ta tafasa minti biyar, a sauke da murfinta, a naɗe da tsohon bargo a sa cikin kwali, bayan minti 45 ta nuna kuma ba ƙanzo. Jiƙaƙƙen wake a bar shi ya tafasa sosai minti ashirin, a lulluɓe awa uku. A ɗan rage ruwa don ba ya ƙonewa, kuma abin da ya wuce awa huɗu a lulluɓe a sake tafasa shi kafin a ci.

Wajen ɗurin gas ka duba jikin tukunyar, akwai nauyinta ba komai a ciki, an rubuta TW a gabansa. Wannan lambar a tara da 12.5, shi ne abin da sikeli zai nuna. A shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai to yana yoyo. Gawayi in an gama a juye ragowar garwashin a gwangwani mai murfi ya mutu, gobe a ɗora da shi. Kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa don sanyi, iskarsa tana kisa ba wari ba hayaƙi.

Nama ba sai kullum ba. Awara, ƙosai, ɗanwake, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka da ta ji daddawa da busasshen kifi, duk suna gina jikin yara. Ragowar tuwon dare kuma ɗumame ne, ya maye gurbin burodi kwana uku ko huɗu a sati.

Akawu_Tarauni:

Ni zan ɗan saɓa wa Malam Mai Awo a abu ɗaya. Ba kowace shekara hatsi yake tashi bayan kaka ba. A 2025 farashi sauka ya yi, waɗanda suka tara da tsada suka ji jiki. Don haka a sayi na ci, wata uku zuwa shida, kada a ciyo bashi don a cika sito. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Matsalarka ta farko ita ce bashin mai kanti. Kowane albashi yana zuwa an riga an ci kashi ɗaya cikin uku nasa, kuma a farashin ɗai-ɗai. Ba za ka iya biyansa lokaci guda ka kuma yi awo ba, sai ka zauna da shi ku raba shi wata uku, ka daina karɓar sabo.

Ranar da albashi ya shigo, kafin a sayi ko ashana, a cire na abubuwan da suke zuwa shekara-shekara. Haya, kuɗin makaranta na zango uku, kayan Sallah, cefanen azumi: a tara su a raba gida 12. Idan haya 300,000 ce, 25,000 ke nan duk wata, a sa a asusun da ba shi da katin cire kuɗi. Daga nan awon wata. Abin da ya ragu na ɗanyen cefane a raba shi gida biyar, ba huɗu ba, domin wata ya fi sati huɗu, kuma waɗannan kwana biyu ko ukun na ƙarshe su ne ake cin bashi a cikinsu. A ba uwargida na sati gaba ɗaya ranar Asabar. Mai riƙe da kuɗin sati tana iya sayen albasar da za ta kai Juma'a, mai karɓar na kullum dole ta sayi ƙulli.

A ciri kuɗi sau ɗaya a sati, don cajin mai POS yana taruwa. Idan kana adashi, roƙi kwasarka ta faɗo a Nuwamba ko Disamba ta tafi awo. Na Sallah kuma ka shiga watanda da mutanen da ka yarda da su tun da wuri. Anko da gudummawar biki a sa musu iyaka a wata, in ta cika a je da fatan alheri.

Hajiya_Yakasai:

Ɗana, maganar sito. A fito da komai tsakar gida rana ɗaya, a share, sannan a mayar da abin da aka yi amfani da shi daga waccan Sallah zuwa wannan kawai. Mataccen risho, fanka, tsohon ƙarfe, tukwanen da suka huje da fasassun robobi na 'yan gwangwan ne. A ware alminiyam da tagulla daban da baƙin ƙarfe, kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma a sa a auna a gabanka maimakon a yi maka ciniki a dunƙule. Kuloli da kwanukan da ba a taɓa buɗewa ba dillaliya za ta sayar, amma a yanke farashi da la'adarta tun kafin ta fita da su. Kayan yaran da suka yi kaɗan a ba mabuƙata, waɗanda suka mutu su zama tsumma, tsohon bargo kuma ga aikin da 'yata ta Gwale ta samo masa.

Amma ka kula: kayan ɗakin mace nata ne, iyayenta suka yi mata. Shawara za ka ba ta, in ta ce a bari a bari, in an sayar kuɗin nata ne. Ka fara da naka tarkacen ta gani.

Kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe da jarkokin mai kada a zubar, su za a zuba tumatir da wake.

Magidanci_Hotoro:

Allah Ya saka muku da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: in an sayi buhun masara, a niƙe shi gaba ɗaya don a huta da kuɗin zirga-zirga?

Mai_Awo:

A'a Malam. Gari ya fi tsaba saurin yin ƙwari da warin ajiya, balle da damina. A riƙa niƙa na sati biyu, kwano 7 ko 8 a lissafin gidanka. In an dawo daga inji a baza shi a faranti ya huce ya sha iska, a tankaɗe, sannan a zuba a bokiti mai murfi. Wanda aka rufe da zafin inji gumi yake yi, cikin kwana kaɗan ya dunƙule ya yi tsami.