Rufin ƙarƙashin bonet na 350Z ya zube, me zan saka?

Mai_Zeto: Salam jama'a. Na sayi Nissan 350Z tokumbo, baƙin abin nan da ke manne a ƙarƙashin bonet ɗin ya ruɓe ya sha mai, rabi ɓera ya cinye. In cire gaba ɗaya kawai ko akwai abin da zan maye da shi? Makanike na ya ce in manna soso.

Baba Fenta: Kai ɗana kar ka kuskura, soson katifa a kan injin V6 ai gobara ka saya da kuɗinka. Nemi na faiba mai fuskar alminiyam, ɓangaren mai sheƙin shi ke kallon injin, amma fa ka fara wanke bonet ɗin tas da omo ya bushe, in akwai maiƙo ko kaɗan gam ba zai kama ba, sai ka fesa fenti mai jure zafi tukuna.

Abban_Zee: Ni gam ɗin ne ban yarda da shi ba wallahi, nawa wata biyu ya saki. Ramukan kilif ɗin suna nan, yi amfani da su.

Mai_Zeto: Na gode Baba. Kilif ɗin duk sun karye, gobe zan leƙa kasuwa.