Wa'adin da kamfani ke da shi na musanta diyyar rauni: abin da muka gani a Amurka

Mai kula da tsofaffi, Bronx

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan New York, kuma wata biyu da suka wuce bayana ya riƙe a lokacin da nake ɗaga wata tsohuwa daga wurin wanka zuwa keken guragu. Washegari na sanar da ofishinmu a rubuce, sannan na cike takardar neman diyya mai suna C-3 na aika wa hukumar diyyar ma'aikata ta jihar. Sai a makon jiya wasiƙa ta iso cewa kamfanin inshorarsu bai yarda a bakin aiki na ji ciwon ba. Ina roƙon wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya faɗa mini ko doka ta ba su damar yin shiru tsawon wannan lokaci, domin kuɗin haya yana jirana, ni kuwa ko sunkuyo ba na iya yi.

Ma'aikacin gini, Harlem

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Doka ba ta sakar musu lokaci haka kawai ba. A jihar New York, idan za su yi jayayya, ana so su shigar da ita cikin kwana 18 daga ranar da ma'aikaci ya kasa aiki, ko cikin kwana 10 daga ranar da suka sami labarin hatsarin, a ɗauki wanda ya fi tsawo. Amma wa'adin da ya fi cizo shi ne na kwana 25, wanda ake ƙirgawa daga ranar da hukumar ta aika musu sanarwar cewa ta buɗe fayil a kan maganar. Idan suka wuce shi, ana toshe musu bakin cewa ke ba ma'aikaciyarsu ba ce, ko hatsarin bai faru ba, ko kuma bai da alaƙa da aiki.

Wannan ƙa'idar ce ta cece ni lokacin da na faɗo daga tsani na karye a wuyan hannu. Sun so su ce ni ɗan kwangila ne mai zaman kansa, alhali su ne suke ba ni hular kwano da kayan aiki, su ne kuma suke faɗa mini lokacin zuwa da na tashi. Lauyana bai tsaya dogon musu ba. Ya ajiye wa alƙali takardu biyu, wato sanarwar buɗe fayil da takardar musun, gefe da gefe, ya nuna kwanan watan kowace da yatsa, sai ga shi sun makara da kusan mako guda. Duk da haka kada ki saki jiki, domin alƙali yana iya yi musu uzuri idan suka kawo dalili mai ƙarfi, kamar sabuwar hujjar da ba ta hannunsu a da.

Ma'aikacin rumbun kaya, Oakland

Sannu Yaya, Allah ya sa kaffara ne. Mu a California kwana 90 ake ba su daga ranar da ma'aikaci ya miƙa takardar neman diyya mai suna DWC-1, kuma idan ba su musanta ba a cikin wannan lokaci, doka tana ɗauka cewa raunin na aiki ne. A tsakanin nan wajibi ne su ɗauki nauyin magani har zuwa dala 10,000. Kuskuren da na yi, wanda har yau yake yi mini ciwo, shi ne na yarda da maganar baki. Wani akwati ya danne mini ƙafa, shugaban sashenmu ya dafa kafaɗata ya ce in je in huta za su kula da komai, ni kuma na ji nauyin in tambaye shi takarda don kada ya ɗauka ƙara nake shirin kai su. Na zauna mako shida ina ƙirga kwanaki, ashe ƙirgen bai ma fara ba tunda ban miƙa takardar ba. Kunyar nan da aka tarbiyyantar da mu a kanta ta jawo mini asarar da har yanzu ban gama farfaɗowa daga gare ta ba.

Direban motar kaya, Houston

A Texas kamfanin inshora yana da kwana 15 ya fara biya ko ya sanar da ƙinsa, idan kuma kwana 60 suka cika bai musanta ba, ya rasa damar yin hakan sai da sabuwar hujja. Ni sun biya ni ba tare da jayayya ba, amma wani abokin aikina ya sha wahala, saboda a jihar nan ba dole ba ne kamfani mai zaman kansa ya shiga wannan inshorar, kuma nasu bai shiga ba.

Mai kula da tsofaffi, Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam na Harlem, bayan na karanta bayaninka na zazzage jakar da nake tara wasiƙu, na sami kwafin sanarwar buɗe fayil da hukumar ta aiko mini, wadda ban ɗauke ta da muhimmanci ba a lokacin. A lissafina kwana 31 ne tsakaninta da takardar musun. Na haɗa su biyun da saƙon da na tura wa ofishinmu washegarin ciwon, kuma ɗana zai raka ni wurin lauya ranar Litinin in Allah ya kai mu.