Muhawara: kaurin sukuru ne ke riƙe ƙashin baya, ko kuwa ƙashin kansa?

Injiniya: Jama'a, ina nan a kan bakana. Duk sukurun da aka ɗaura wa mutum a ƙashin baya lokacin tiyata ya zo ya kwance, ƙarami aka sa. A ƙara kauri, a ƙara tsawo, shi ke nan. Haka aka koya mana a jami'a a Samaru: yawan zaren da ya ciji abu, yawan riƙonsa.

Dakta: Ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce, kauri yana ƙara riƙo. Amma ka san ta ina sukurun yake bi? Kowace gaɓar ƙashin baya tana da ɗan siririn wuya biyu, dama da hagu, masu haɗa bayanta da gabanta. Ta cikin wuyan nan ake shiga. Gefensa na ciki laka ce, ƙarƙashinsa jijiya ce, wadda a ƙugu take zuwa ƙafa. A ƙugu akan sa mai kaurin milimita 6 zuwa 7, tsawo 40 zuwa 45. A tsakiyar baya, saitin ƙirji, faɗin wuyan wata gaɓar bai wuce milimita 5 ba. Ka cusa naka mai kauri a nan, ka fasa bangon, ka rasa riƙon, wataƙila ka taɓa laka.

Injiniya: To a ƙara tsawo mana.

Dakta: Gaban ƙashin nan babbar jijiyar jini ce a kwance. Kuma kusan kashi 60 cikin 100 na riƙon daga wuyan yake fitowa, domin bangonsa ne mai tauri. Can ciki ƙashin soso-soso ne.

Sista: Ku bar ni in sa baki, ni da nake jinyar masu irin wannan tiyata a asibitin Shika. Kun manta da mai ƙashin. Tsohuwar da ta daɗe da daina al'ada, ƙashinta ya yi sakayau, ba ɗaya take da matashin da ya faɗo daga babur ba. Katakon da gara ta ci, ko wane sukuru kafinta ya murɗa, ba zai kama ba. Ga masu tarin fuka na ƙashin baya, da ba su da wuyar gani a nan Arewa: dole a tsallake gaɓar da ta ruɓe a kama lafiyayyu sama da ƙasa.

Hajiya: Ni tambaya ce da ni, Dakta. Ashe ba ƙarfen ne zai riƙe mutum har ƙarshen rayuwa ba?

Dakta: A'a Hajiya. Tun da Roy-Camille, likitan Faransa, ya yaɗa wannan dabara, manufar ke nan: sukuru da sandar ƙarfe su hana motsi, a dasa ƙashi, gaɓoɓin su haɗe cikin watanni. In sun haɗe, ƙarfen ya huta. In ba su haɗe ba, kowane sunkuyo da miƙewa yana girgiza sukurun a raminsa har ramin ya buɗe, ko ƙarfen ya gaji ya karye. Shi ya sa muke faɗa da masu shan taba, tana hana haɗewar.

Injiniya: Gajiyar ƙarfe kam na santa, darasinmu ne. Amma ai a gwaji fizgo sukuru ake yi a auna.

Dakta: Wa ke fizgo shi a jikin mutum? Lanƙwasa ce sama da ƙasa, kullum, ba hutu.

Injiniya: To ita tsohuwar Sista, yaya kuke yi da ita?

Sista: Akwai sukuru mai huji, ana tura simintin ƙashi ta cikinsa ya daskare a kewaye.

Injiniya: Alhamdu lillahi! Ai kauri kuka ƙara ta bayan gida.

Dakta: Ƙashin muka ƙarfafa, Injiniya, wuyan yana nan yadda Allah Ya yi shi. Kuma simintin ma yana iya tsiyaya ya bi jijiyar jini, ba kowa ake yi wa ba.

Injiniya: Na ji batun wuya. Na siminti kuwa ban sallama ba, sai na zo Shika ka nuna mini a hoton ƙashi.