Timer yana makara idan CPU ta cika, yaya zan gwada shi a Go?

sabon_hannu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata manhaja da na rubuta da harshen kwamfuta na Go da ke aika wa sabar saƙon "ina nan da rai" duk bayan milisakan 100 ta hanyar time.AfterFunc, wato timer mai kiran aiki idan lokacin da aka sa ya cika. Da zarar goroutine (ƙananan ayyukan da Go ke gudanarwa tare) masu lissafi sun yi yawa sai saƙon ya makara, sabar ta ɗauka manhajar ta mutu. Gwajin da nake da shi yana jiran milisakan 150 ne ya duba ko an kira aikin. A kwamfutata lafiya lau, a CI (injin da ke gudanar da gwaje-gwajenmu da kansa) kuwa yau ya ci gobe ya faɗi. Ko agogon bogi zai raba gardama?

dattijon_kod:
Wa alaikumus salam. Agogon bogi ba zai nuna maka yunwar CPU ba, ɗan'uwa. A testing/synctest, kunshin Go mai agogon bogi, lokaci ba ya motsawa sai duk goroutine ɗin gwajin sun tsaya cik suna jira, mai lissafi kuwa ba ya tsayawa, gwajin zai maƙale kawai.

Ƙirƙiri yunwar da hannunka. Sa runtime.GOMAXPROCS(1) don goroutine ɗaya kawai ya riƙa gudana a lokaci guda, ka saki madauki (loop) da ba ya kiran komai, sannan ka auna makarar da time.Since, wanda ke bin agogon da ba ya komawa baya. Ka daina tambayar "an kira ko ba a kira ba", ka tara makarar kira ɗari biyu ka dubi mafi muni. Tun Go 1.14, a 2020, ana ƙwace CPU daga goroutine da ya riƙe ta fiye da milisakan 10. Saboda haka masu lissafi a layi ɗaya na iya jinkirta aikinka, kuma ba kuskuren Go ba ne.

mai_gyaran_sabar:
Malam ya gama magana, sai abu ɗaya. In ka sa GODEBUG=asyncpreemptoff=1, wanda ke kashe wannan ƙwace CPU ɗin, don ganin yunwa ta gaske, kada ka dogara da -timeout ya tsayar da gwajin, shi ma AfterFunc ne a cikin tsarin (process) da ya maƙale. Gudanar da gwajin a wani tsari daban, na waje ya kashe shi.

sabon_hannu:
Allah ya saka. Iyakar makarar fa, nawa zan sa? CI ɗinmu injin haɗaka ne.

dattijon_kod:
Auna makarar ba tare da madaukin ba tukuna, a injin ɗin kansa, ka ɗora iyakarka a kan wannan.