Neman kalma cikin gaggawa: me za mu kira "patio" da Hausa?

Tafintan Fagge:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa a taimaka, wuta ce a gabana. An ba ni fassarar wani darasi na koyar da magina da za a karanta a shirin sana'o'i na rediyo ranar Juma'a, kuma dole in miƙa gobe Laraba kafin azahar. Wani magini ne a Amurka ya rubuta shi, yana bayanin yadda ake gina wurin zama a waje, jikin gida, a shimfiɗe shi da jan bulo ko dutse, a sa kujeru, wani lokacin har da wurin gasa nama da wurin hura wuta. Kalmar "patio" ta cika darasin maƙil. Ba shi da rufi, ba ɗaki ba ne, kuma yawanci a bayan ginin yake. Me zan ce?

Ɗan Magini:
Wa alaikumus salam. Farfajiya.

Uwar Biyu:
Tsakar gida mana. Me ya rage?

Mai Shayi:
Dandalin bayan gida.

Tafintan Fagge:
Mai Shayi, don Allah sake karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, kamar kai ne mai gabatarwa. "Yau za mu koya muku yadda za ku ƙawata bayan gidanku har ku riƙa cin abinci a ciki." So kake a kore ni?

Mai Shayi:
Subhanallahi. Na janye.

Tafintan Fagge:
Wannan ita ce matsala ta farko da na ci karo da ita tun jiya. Su can fili mai daraja a bayan gini yake, mu kuwa bayan gida sunan wani wuri ne daban. Hajiya Uwar Biyu, na yi tunanin tsakar gida, to amma tsakar gida ɗakuna ne suka kewaye ta, a nan ake girki da wanki da shanya. Wannan kuwa an gina shi ne musamman don zama kawai.

Malamin Nahawu:
Hajiya ta fi kowa kusa da gaskiya, ko da ba ta sani ba. Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali, daga Sifaniyanci aka aro ta, kuma a can ma'anarta tsakar gida sak, wadda ɗakuna suka kewaye. A birnin Kordoba na ƙasar Sifen har biki ake yi duk watan Mayu, mutane su buɗe gidajensu a shiga a kalli furannin tsakar gida, kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2012. Da kalmar ta shiga bakin Amurkawa ne ta koma nufin shimfiɗar dutse a jikin gida. Amma tunda darasinka na Ba'amurke ne, ma'anarsa za ka bi. Shawarata a ƙirƙiri suna. Hausa na da hanyarta: makaranta, mahauta, majema, ma'aikata. Wurin shan iska, sai mu ce mashayar iska. Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Mai Shayi:
Allah gafarta Malam, mashaya? A rediyo? Ranar Juma'a?

Malamin Nahawu:
Mashaya wurin da dabbobi ke shan ruwa ce kafin mashaya giya su ɓata ta. Ba za mu bar wa 'yan giya kalmarmu ba.

Ɗan Magini:
Malam, ka haɗa mashaya da iska a kalma ɗaya. Ko ɗaya daga cikinsu ta isa ta sa mai gida ya fasa ba ni aikin.

Ɗan Magini:
Bari in faɗi abin da muke cewa a wurin aiki, tunda magina za a koya wa. Ba wanda ya taɓa kirana ya ce zo ka yi mini kaza. Cewa ake "zo ka sa mini intalok a nan, zan riƙa zama da yamma." Shi ke nan. Kayan aikin ne ke ba wurin suna. Kuma aikin da Baturen naka ke bayani, na san shi ba sai na karanta ba: a haƙe ƙasar sama, a zuba tsakuwa kamar santimita 10 zuwa 15, a danne ta da inji, a shimfiɗa yashi kamar santimita 3, a jera bulo, a ɗaure gefe da siminti don kada ya baje, sannan a share yashi mai laushi ya shiga tsakankani. Bulo mai kaurin santimita 6 ya isa wurin da ƙafa kawai za ta taka, inda mota za ta hau kuwa sai mai 8. Babban abin shi ne gangara. A kowace mita ɗaya a sauke kamar santimita 2, ruwa ya nufi waje, kada ya koma gindin gini. Su abin da ke tayar musu da bulo ƙanƙara ce da ke daskarewa a ƙarƙashin ƙasa, mu kuwa ruwan Agusta ne.

Tafintan Fagge:
Wallahi kamar kana leƙen takardar. Amma intalok sunan bulon ne, kuma a darasin akwai na dutse, akwai na jan bulo. Ba zan ce "intalok na dutse" ba.

Ba-Damagare:
Mu nan in Faransanci ya shigo "teras" ake cewa. Amma me ya hana dakali? Dakali an gina shi ne don zama kawai, ba rufi, a jikin gida. Duk sharuɗɗanka sun cika.

Uwar Biyu:
Ban yarda ba. Dakali a ƙofar gida yake, na maza ne. Yaushe ka ga mace da 'ya'yanta sun baje a dakali suna cin tuwo? Abin da Tafinta ke bayani na iyali ne, mata da miji da baƙinsu duk a wuri ɗaya.

Tafintan Fagge:
Hajiya, nan kika taɓo inda ke mini ciwo. Na jera kalmominmu jiya da dare: zaure, dakali, tsakar gida, turaka, shigifa. Kowace in ka faɗe ta, mai sauraro ya san wa ke zama a wurin da wa bai isa ya shiga ba. Ita kuwa ta Baturen ba ruwanta da wa zai zauna, abin da ke ƙarƙashin ƙafa take nufi. Shi ya sa duk wadda na ɗauka sai ta zo da mutanenta.

Malamin Nahawu:
Wannan hujja ce a gare ni. Tunda tsofaffin kalmomin duk suna da masu su, sai a yi sabuwa. In mashayar iska ta yi muku nauyi, ga mashaƙata, daga shaƙatawa. Amma ni dai ta farkon ta fi daɗin faɗa.

Mai Shayi:
Mashaƙata ai tuni ana kiran wuraren wasan yara da lambunan gwamnati da ita. Za a zaci tikiti ake saya.

Ɗan Birni:
Ku daina wahalar da kanku. Fatiyo. An gama. Falo daga ina ya zo? Kicin fa? Baranda? Bulon da kuke ta ambata tun ɗazu, kakan wa ya san shi? Masu kuɗin da za su gina abin nan a Abuja fatiyo za su ce, ko mu so ko mu ƙi.

Malamin Nahawu:
Ga irinta nan. Da wannan lalaci aka kashe mana tubali, aka kashe azara, aka kashe makuba, yaro a Kano yau bai san indararo ba sai ka ce masa fayif. Al'ummar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, al'ummar da ke da sarautar Sarkin Magina, ita ce za ta je roƙon sunan wurin zama a wajen mutanen da suka aro shi su ma? Baturen nan Bargery ya wallafa ƙamus na Hausa a 1934 ya cika shi da kalmomin da yau 'yan boko ba su sani ba. Ba kalmomi muka rasa ba, kishi muka rasa.

Ɗan Birni:
Malam, a cikin saƙonka na ga al'umma, na ga ƙarni, na ga ƙamus, na ga kalmomi, na ga Juma'a. Duka Larabci. Aron Larabawa halal, na Turawa haram?

Malamin Nahawu:
Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu, sun zama 'yan gida.

Ɗan Birni:
To fatiyo ma ka ba shi shekara ɗari.

Ba-Damagare:
Abin da ke ba ni dariya, in Kanawa suka ari kalma daga Ingilishi sai ta zama "daidaitacciyar Hausa", in mu muka ara daga Faransanci sai a ce Hausar Nijar ce, a yi murmushi. Teras da fatiyo wanne ya fi wani asali?

Ɗan Birni:
Yawan masu magana ne, ɗan uwa, ba raini ba.

Ba-Damagare:
Yawa ba shi ne iyawa ba. Ku zo unguwar Birni a Zinder ku ga zanen bango, sannan ku koya mana sunan gini.

Basakkwace:
Ku biyun duka ku yi haƙuri, Hausa tana Sakkwato.

Tafintan Fagge:
Jama'a, don girman Allah. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ban rubuta layi ɗaya ba.

Uwar Biyu:
Tafinta, na tuna wani abu da ka ce, wai kalmarsu abin da ke ƙarƙashin ƙafa take nufi. To ai muna da irinta: daɓe. Ina yarinya a ƙauyenmu, in za a yi wa amarya ɗaki, mata ke taruwa, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi santsi. Daɓe bai ce na maza ba ne ko na mata, bai ce ciki ko waje ba. Ƙasa ce da aka gyara don a zauna a kai. Ka ce daɓen dutse, daɓen bulo.

Ɗan Magini:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Har yau in mun zuba siminti a ƙasa cewa muke mun yi daɓe. Magini zai gane nan take. Kuma abin da injin dannewa ke yi, shi ne abin da madaɓi ke yi.

Malamin Nahawu:
Daɓe aiki ne da shimfiɗa, ba wuri ba ne. Ba a cewa "mu je daɓe mu sha shayi." Kun ba shi sunan ƙasan, kun bar wurin ba suna.

Tafintan Fagge:
Gaskiya ne Malam, amma na duba darasin yanzu, mafi yawan wuraren da kalmar ta fito maganar gini ake: haƙa shi, gangararsa, kaurinsa. Duk nan daɓe ya zauna daram. Inda ake maganar zama da baƙi ne kawai ya ƙi.

Ɗan Magini:
A nan sai ka koma farfajiyar da na faɗa tun farko ba wanda ya kula ni.

Ba-Damagare:
Farfajiya gaban gida ce.

Ɗan Magini:
A gidajen yanzu masu katanga da get, duk filin da ke cikin katanga farfajiya muke ce masa, gaba ko baya.

Mai Shayi:
Tunda an zo nan, katakon da suke kafawa a sama mai ramuka, wanda ba ya tare ruwa, rumfa ce ko ba rumfa ba?

Uwar Biyu:
Rumfar da ba ta hana rana a watan Afrilu ai ado ce. Kuma ka gaya wa masu sauraronka dutse na riƙe zafi har bayan isha'i, su dasa darbejiya kafin su sayi kujeru.

Tafintan Fagge:
Rumfa zan ce, ba zan buɗe wannan ba. Wurin gasa naman na sa tukuba, wurin hura wutar na sa murhun jin ɗumi. Ga abin da na tsayar: a farkon darasi zan ce "farfajiyar hutawa, wato filin da ake daɓewa da bulo ko dutse a jikin gida don zaman iyali." Daga nan duk inda ake aiki, daɓe, inda ake zama, farfajiya. Kalma biyu a madadin ɗaya, ban ji daɗi ba, amma lokaci ya ƙure.

Malamin Nahawu:
Wannan bayani ne, ba suna ba. Amma ya fi fatiyo. Ni dai ɗalibaina mashayar iska za su ci gaba da rubutawa.

Ɗan Birni:
Su rubuta a jarrabawa, su fito su ce fatiyo.

Tafintan Fagge:
Na dawo da rahoto, an watsa shirin ɗazu. Daɓe ya wuce lafiya, har wani magini ya bugo waya yana tambayar kaurin tsakuwar. Farfajiyar hutawa kuwa mai gabatarwa ya karanta ta sau biyu, a na uku ya ce baranda, kuma da baranda ya ƙarasa shirin. Mako mai zuwa darasin katangar da ke tare ƙasa a gangare ne, in akwai mai kalma ya fara turowa tun yanzu.

Malamin Nahawu:
Matokara.